Sunayen da Na Yanke a Harlem

Tun da na dawo daga Amurka ba ni da sakat a bakin shagon Ɗanladi tela, inda muke taruwa da yamma. Ko zama ban gama yi ba wani zai ce, "Ba'amurke, a ba mu labari." Na ba su na dogayen gidaje har sun haddace, na ba su na sanyi, na ba su na karnukan da ake sa wa riga. Sai ranar nan Ɗanladi ya tsai da kekensa ya dube ni ya ce, "Yakubu, kai da ka je ka ga 'ya da jikoki, me ya sa in ana zancen ƙasar nan kake sunkuyar da kai kamar wanda aka koro?" Na canza zance. Amma ya yi gaskiya, akwai abin da na ɓoye, kuma bakina ba zai iya faɗarsa a gaban mutane ba. Shi ya sa na rubuta. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, kada kuma a sake tambayata.

Ga wanda bai san ni ba, shekara ashirin da bakwai na yi ina haska fim a wani gidan silima a nan Jos, irin mara rufin nan. Ofareta ake kirana, har wasu ba su san Yakubu ba. Da bidiyo ya shiga gidaje mutane suka daina zuwa, aka rufe gidan aka mai da shi wurin ajiye takin zamani. Matata ta riga ta rasu. Ina zaune ba aikin fari balle na baƙi, sai 'yata Rifkatu, wadda ke aikin jinya a New York, ita da mijinta Ishaya suka aiko mini da tikiti, suka ce in zo in huta wata uku. A farkon shekarun casa'in ke nan.

Sai na bayyana yadda aikinmu yake, in ba haka ba ba za a gane laifina ba. Fim ba ya iso mana sai ya gama yawo a Legas da Ibadan da Kaduna. Kan faifan, wato farkonsa, shi ya fi shan wahala, don shi ake kamawa da hannu ana cusa wa na'ura kullum. Yana zuwa a yage, ramukan gefensa duk sun cinye. In ka saka shi haka ya tsinke, 'yan kallo ba su san uzuri ba. Ihu ne, "Ofareta ɓarawo!", da jifa da ɓawon lemo, wani lokaci har dutse a kan kwanon ɗakina. Don haka maigidan da ya koya mini aiki ya kafa mini ƙa'ida: kafin ka haska, warware kan, ka yanke duk abin da ya lalace har inda mutane suka fara motsi, ka liƙa sabon farin tsiri a wurin. Abin da ke farkon nan rubutu ne kawai, jerin sunaye, kuma ba wanda ya yanki tikiti don ya kalli rubutu. Na yi ta yin haka har hannuna ya daina shawara da kaina.

Daga Jos na hau fijo zuwa Kano da jaka biyu. Ɗaya tufafina, ɗaya saƙon Rifkatu: acca, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa. Bayan Saminaka taya ta fashe, ta canjin kuma ba iska, muka yi awa uku a gindin mangwaro. Wata mata da ta ji inda za ni ta yi ta roƙona in na isa in samo wa ɗanta aiki, na yi ta cewa to, ko sunan ɗan ban riƙe ba. A Kano na ƙara kilishi. Jirgi kuwa ban ji tsoronsa ba sai da ya tashi. Aka kawo abinci a ɗan faranti mai ɗaki-ɗaki, na ci abin da na gane na bar sauran. Mun sauka a wani gari a Turai don canjin jirgi, na yi awa biyar a kujera ɗaya, fitsari ya matse ni amma na ƙi tashi kada jirgin ya tafi ya bar ni.

A filin jirgin New York kare ne ya fara tarbata. Ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi, aka ce in biyo ta gefe. Ma'aikaciyar da ta buɗe jakar baƙar fata ce, sai raina ya kwanta, na gaishe ta da Turanci har na ce mata 'yata. Ko murmushi ba ta yi ba. Kilishi ya tafi kwandon shara ina ji ina gani. Da ta kwance ƙullin daddawa ta ja da baya ta kira wani, su biyu suna tambayata ko ruɓewa ta yi. Na ce haka take, in ba ta yi wari ba ba mai saye. Suka bar mini ita, ina jin don kada ta kwana a ofishinsu ne. Can ƙasan jaka ta zaro ɗan almakashina na aiki a naɗe cikin ƙyalle, ta ce na mene ne. Na gyara tsayuwa na ce ni ma'aikacin fim ne. Ban ma san dalilin da ya sa na taho da shi ba, sabo ne kawai, ko coci da shi nake zuwa.

Rifkatu da Ishaya suna zaune a Bronx, unguwar University Heights, hawa na biyar. Ni mutumin Jos ne, na sha cika baki cewa mu mun san sanyi, don haka na ƙi karɓar rigar da Ishaya ya kawo mini filin jirgi. Kafin mu kai mota na karɓa ba tare da an sake yi mini tayi ba. Gidan ɗaki biyu ne da falo, ƙofa ɗaya makulli uku. Akwai wani ƙarfe a jikin bango da ke kawo ɗumi, yana ƙara kamar ana dukan tukunya, ranar farko na ɗauka maƙwabci ne ke neman taimako. Kwana uku ina tsai da mutane a matakala ina tambayarsu iyali, har wata tsohuwa ta ƙanƙame jakarta. Rifkatu ta ce, "Baba, nan ba Jos ba ne, ka ɗaga hannu kawai ka wuce." Jikokina mata biyu suna jin Hausa sarai, amma in na ce ko sun ci abinci, da Turanci amsa ke dawowa. Kazar can ƙatuwa ce, ba ƙashi mai tauri ba ɗanɗano. Sai ranar da Rifkatu ta yi mana gwaten acca na ji na iso.

Wata Asabar da rana Ishaya ya kai ni silima don in ga yadda nasu yake. Gini ɗaya ɗakin kallo ya fi biyar, ga gugguru a bokiti, ba sauro, ba mai jifa. Na yi ta waiwaye ina neman ofareta ban gan shi ba. Abin da ya yi mini daɗi shi ne, ana fara jero sunaye a ƙarshe kowa ya miƙe yana neman ƙofa. Na taɓa Ishaya na ce, "Ka gani ko? Ko'ina ɗaya ne."

Sauran ranaku kuwa zama ne. Rifkatu na asibiti, Ishaya na tuƙa tasi, yara na makaranta. Ranar da na ce bari in fita ni kaɗai, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya wuce da ni, na fito a wani babban titi a Harlem ban san gabas ba ban san yamma ba. Ina tsaye tsuru-tsuru sai na ji wani mai teburin agoguna da huluna yana musu da abokinsa da Hausa. Na kusa rungume shi. Mutumin Maraɗi ne, mai sirka Hausa da Faransanci, sunansa Mamman.

Ya ce, "Tsoho, mi ya kawo ka nan? Ɓatan kai ka yi? Bon, zamna ka sha shayi tukuna."

Da na sha ya bar teburinsa ya raka ni har bakin jirgi, yana cewa, "In ka shiga metro, lamba za ka duba, kak ka bi mutane. Mutanen garin ga su ma rabinsu ba su san inda za su ba." Daga ranar na iya hanya.

Rifkatu da ta ga zaman ya ishe ni ta ce za ta kai ni wurin wata tsohuwa da ta taɓa jinya a asibiti suka shaƙu. Mama Loreta take kiranta. Baƙar Amurka ce, tsohuwar malamar makaranta, ta haura saba'in, tana tafiya da sanda. Gidanta a Harlem yake, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin gidan cike yake da gwangwanayen fim tun daga ƙasa har rufi. Warin tsamin tsohon fim ya daki hancina tun daga matakala, na ji kamar ɗakina na silima na shiga, har idona ya kawo ruwa. Rifkatu ta gabatar da ni da alfahari, ta ce babanta ne, ya yi shekara ashirin da bakwai a aikin fim. Tsohuwar ta kama hannuna da hannu biyu. Da Turanci muka yi ta magana, nawa na Jos, nata mai ja, muna fahimtar juna in ba mu yi sauri ba.

A wurinta na ji abin da ban taɓa ji ba. Ashe tun zamanin da fim ba ya magana, baƙaƙen Amurka suna yin nasu fina-finan, da labarinsu da 'yan wasansu, ana nunawa a coci-coci da makarantu da gidajen silimar da aka ware musu, lokacin da ba a yarda su zauna wuri ɗaya da fararen fata ba. Yawancin fina-finan sun ɓace. Wasu sun ƙone, wasu sun ruɓe, wasu an zubar don ba wanda ya ga amfaninsu. Ita da wasu tsofaffi abokanta suke bin abin da ya rage, yau wasiƙa gobe waya, in sun samu su adana. Ni na haska tsofaffin fina-finan Amurka ba iyaka, baƙin da na gani a ciki ko ɗan dako ne ko kuku. Ban taɓa tambayar kaina ko akwai wasu ba.

Yadda take aiki ya ba ni dariya, ko da yake a ciki na yi ta. Ba ta taɓa fim sai da farar safar hannu, mu da muke kama shi da hannun da muka ci ƙosai. Kowane gwangwani kuma da katinsa a liƙe: daga ina ya zo, wa ya bayar, a wane hali ya iso, wa ya taɓa shi, ranar yaushe. Na ce a raina, aikin malaman makaranta ke nan. Akwai wata tsohuwar na'urar haska fim a kusurwa da ta yi shekara biyu ba ta tashi. Na kwance ta da safe, kafin rana ta raba tana juyawa sumul. Mama Loreta ta yi tafi kamar yarinya, ta kira abokanta a waya, suka zo suna ce mini ɗan'uwanmu ƙwararre daga Afirka. Kaina ya kumbura. Na fara zuwa sau uku a mako, ina juya mata faifai ina goge ƙura, har ta ba ni makullin ɗakin.

Akwai wani ɗan gwangwani mai tsatsa da ta ajiye shi kaɗai a kan wata kanta. Wata rana ta sauko da shi ta ɗora a cinya ta ba ni labarinsa. Mahaifinta mai ɗaukar hoto ne, yana da shago, kuma shi ya riƙe kyamara ya ɗauki wannan fim ɗin tana ƙarama. Masu rubuta tarihi suna cewa a irin fina-finan nan baƙaƙe wasa kawai suke yi, kyamara a hannun farar fata take. Mahaifin ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar akwatunan fasinja a tashar jirgin ƙasa, in ya ce ya taɓa ɗaukar fim sai a yi masa dariya. Shekara talatin tana neman fim ɗin. Bai fi wata biyu ba da aka same shi a rumbun wani fasto da ya rasu can kudancin ƙasar, kuma ba a san da wani kwafi a duniya ba. Ba ta warware shi ba don ya bushe ya manne, ta ce akwai masu gyara da ke da maganin da ke tausasa shi, za ta kai musu ranar Litinin ta sama.

Ta ce, "Sunansa yana ciki, Mista Yakubu. Na gan shi a bango ina 'yar shekara shida, ya ɗora ni a kafaɗa ya nuna mini da yatsa. Amma ba wanda zai karɓi shaidar yarinya. Ina so in gani da idon tsufana, in nuna musu."

Na ce Allah ya kai mu. Kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji maganar, kunnena ƙalau yake. Sai dai ban tambayi kaina a ina suna yake zama a jikin fim ba. Idona na kan gwangwanin, ina tunanin masu gyaran nan da me suka fi ni.

Ranar Juma'a da safe tana da ganin likita. Rifkatu ba ta da aiki ranar, ita ta raka ta, Ishaya ya ɗauke su a tasi. Aka bar ni ni kaɗai a ɗakin. Kwana goma ya rage mini in taho, na ce bari in bar wa tsohuwar nan abin tunawa. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce tafin nan nake son in sake ji.

Na buɗe gwangwanin. Kan faifan ya nannaɗe, ya tsattsage, ramukan gefe duk sun tafi, irin wanda na gani sau dubu. Na fara ɓamɓarowa, yana kakkaryewa a hannuna. Na ɗaga guntu ɗaya wa fitila na ga baƙi da farin rubutu, na ajiye. Na ɗaga na gaba, rubutu. Na ci gaba da ja ina yankewa, har na ga jirgin ƙasa da wata mata mai faffaɗar hula tana saukowa. Na ce yauwa, fim ya fara. Na daidaita bakin, na shafa gam, na liƙa farin tsiri sabo. Ko minti goma ban yi ba, kuma aikin ya yi kyau, ba zan hana kaina wannan ba. Sannan na share guntayen tas na zuba a baƙar ledar shara. Da na ga maƙwabta sun jera nasu ledojin a bakin titi, na ce bari in cika alheri, na ɗaure tamu na kai.

Wajen ƙarfe ɗaya suka dawo, su uku. Na ce wa Mama Loreta ina da abin da zan nuna mata. Na buɗe gwangwanin ina murmushi na ce, "Na gyara miki kan. Yanzu ko yau aka saka shi a na'ura ba zai tsinke ba."

Ta dube shi ta dube ni. Ta sa safar hannunta a hankali, ta ja farin tsirin, ta ɗaga hoton farko wa fitila. Ta daɗe tana kallon jirgin ƙasan nan.

"Ina abin da ke gaban wannan?"

Na ce, "Ya lalace, Mama. Rubutu ne kawai."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Rifkatu ta dafe ƙirji ta ce da Hausa, "Baba! Me ka yi? Baba, ina ka zuba shi?" Na nuna matakala. Muka hau da gudu ni da Ishaya. Bakin titi fes, motar shara ta daɗe da wucewa.

Muka shiga tasi muka yi ta zagaye unguwa. Titi na huɗu muka tarar da wata motar shara, Ishaya ya sha gabanta. Direban wani ƙaton baƙar fata ne, ya sauko da faɗa, amma da Ishaya ya yi masa bayani sai ya cire hula ya sosa kai. Ya ce ba shi ya bi titin ba, kuma ko da shi ne, injin motar matse komai yake yi wuri ɗaya. Daga nan bakin kogi ake kaiwa, a loda wa jiragen ruwa zuwa babban jujin da ke tsibirin Staten. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, shi da bai yi komai ba.

Washegari na matsa wa Ishaya sai mun je, ya bar aikinsa na ranar ya bi ni. Muka hau jirgin fito, mutane na ta ɗaukar hoton mutum-mutumin nan mai riƙe da fitila, ni ruwa kawai nake kallo. A wata unguwar tsibirin da ake kira Stapleton wani abokin Ishaya mai shagon kayan abinci ya ara mana mota. Jujin tsaunuka ne, kamar tarin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a Bukuru, sai dai ya fi su nesa ba kusa ba, ga tsuntsaye sun rufe sama. Mai gadin ƙofa ya ce ba a shiga. Ya tambayi girman abin da muke nema, na haɗa tafin hannuna biyu na nuna masa. Bai yi dariya ba, ya dai juya ya nuna mini tsaunukan da haɓa.

A jirgin dawowa Ishaya ya matso kusa da ni ya rage murya. "Baba, ka ji wata shawara. Ka ɗaga shi ka duba kafin ka yanke, ko ba haka ba? To ka ce ka karanta. Ai ta faɗa maka sunan babanta. Ka ce ka gan shi ɓaro-ɓaro, in ma takarda ce ka yi signing. Tsohuwar nan ba ta da sauran lokaci, why not a bar ta da farin cikinta?"

Ba zan ɓoye ba, shawarar ta yi mini daɗi. Ni kaina na yarda sunan yana wurin, don haka na ce ai ba ƙarya ba ce sosai. Har na fara shirya kalmomin da Turanci. A gida Rifkatu ta ajiye mini abinci ba ta dube ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ni na kai ka, Baba." Ranar Lahadi na zauna a coci ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba.

Litinin da safe na tafi Harlem ni kaɗai. Na tarar da ita zaune a teburinta, gwangwanin na gabanta, don da rana za ta kai wa masu gyara abin da ya saura. Gefe guda ga ɗan ambulan. Ashe ta zauna ta tsince bakin tsintsiya da tsagar daɓe, ta samu ɓurɓushi kaɗan, baƙi wuluk, ba harafi ko ɗaya. Na ajiye mata makulli, na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Mista Yakubu. Kafin ka yanke, ka karanta?"

Ƙaryar tana kan harshena, a shirye. Sai idona ya faɗa kan katunan da ke jikin gwangwanayen bayanta. Na goge musu ƙura mako da mako, na san abin da ke ciki. Wuri da yawa ta rubuta "ba a sani ba" da hannunta, inda za ta iya cikewa da abin da take zato ba mai kama ta. Na ce, "Ban karanta ba."

"Ba ka iya karatu ba ne?" Da taushi ta yi tambayar, kamar mai nema mini mafita.

"Na iya."

"To me ya hana?"

Na ce, "A wurinmu ba a karantawa, Mama. Yankewa ake yi." Na gaya mata zancen 'yan kallo da jifa da ƙa'idar maigidana. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da nauyin komai.

"Fim nawa ka yi wa haka?"

"Ban san iyakarsu ba."

Ta rufe ido. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Da sandar nan tata ta ɗauka ta muƙa mini da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ni da furfurata, a tsaye kamar ɗan makarantar da aka kama.

Can ta buɗe ido ta jawo katin gwangwanin da alƙalami. Ta ce in zauna. Ta tambaye ni tsawon abin da na yanke, na gwada mata da hannu, gaba biyu da ɗan ƙari, ta auna ta rubuta. Ta tambaya ko na tabbata rubutu ne, na ce fari a kan baƙi, layi-layi, ta rubuta. Ta rubuta ranar, ta rubuta inda aka zuba shi.

Ta ce, "Ba don in tozarta ka nake yin wannan ba. In ban rubuta ba, wanda zai zo bayana zai buɗe ya ga ba sunaye, ya ce dama ba a taɓa sa su ba. Dole a san akwai su, a kuma san inda suka tafi. Cikakken sunanka?"

Na ce Yakubu. Ta ce na biyun fa. Na faɗa mata, na kuma ce a wurinmu suna na biyu sunan mahaifin mutum ne. Ban san abin da ya sa na ƙara wannan ba. Alƙalamin ya tsaya a hannunta na ɗan lokaci, sannan ta ce in faɗa mata shi harafi-harafi kada ta yi kuskure. Na faɗa, ta rubuta da kyakkyawan rubutunta na malamai, ta karanta mini ta ce daidai ne, na ce daidai ne.

Bayan mako guda na hau jirgi. Rifkatu ta rubuto mini daga baya cewa masu gyara sun ceto sauran fim ɗin, an nuna shi a wani coci a Harlem, wurin ya cika, tsofaffi na ta share hawaye. Ta ce da jirgin ƙasa yake farawa kai tsaye, kuma Mama Loreta ta miƙe da sandarta ta gaya wa mutane wanda ya ɗauka, wasu sun yarda, wani mai rubuta tarihi da ya zo ya ce sai an ga hujja.

To, Ɗanladi, ga amsarka. Mahaifina manomi ne a ƙauye, har ya mutu bai taɓa taka ƙofar silima ba. Yau sunansa yana jikin fim ɗin nan a Harlem, an rubuta shi daidai ba kuskure. Na mahaifinta ne babu.